Ku bar Aunt Lydia ta yi magana

Shekara 34 masu karatu suka jira kafin Margaret Atwood ta koma ƙasar Gilead. The Handmaid's Tale ya fito a 1985, ci gabansa The Testaments a 2019, kuma tun daga lokacin wasu ke ƙorafin cewa marubuciyar ta wanke Aunt Lydia, matar da ke horar da 'yan'uwanta mata su zama bayin haihuwa. Wai an mayar da azzaluma jaruma.

Wannan ƙorafi ragwancin karatu ne. Kafin juyin mulkin da ya kafa Gilead, Lydia alƙaliya ce, mai ilimi, mai albashi, irinmu dai. Aka tsare ta a filin wasa tare da sauran ƙwararrun mata, aka azabtar da ita, sannan aka miƙa mata bindiga ta harbi wasunsu. Ta harba. A ganina nan ne gizo ke saƙar: masu ƙorafin sun fi son muguwar da aka haifa da mugunta, domin irinta ba ta sa mai karatu ya tambayi kansa abin da zai yi da shi aka miƙa wa bindigar.

Littafin yana da rauni, ba musu. Babobin 'yan matan nan biyu, Agnes da Daisy, sun cika gaggawa, kuma rushewar Gilead ta zo da araha. Mai neman abin suka, ga shi nan. Babobin Lydia kuwa su ne ƙashin bayan littafin.