Gubar Funfuna da Ɓarnar Ɓera: A Duba Rumbunan Ƙasar Gumel

Kowace ranar Alhamis kasuwar Maigatari takan cika da shanu da raƙuma da tumaki daga Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, tare da buhunan dusa da harawa da tunkuza da masu kiwon turke ke saye. Ana duba haƙoran dabba da ƙafafunta kafin a yi ciniki, amma da wuya a ga mai duba abin da za a zuba mata a kwatarniya. Wannan sakaci yana da haɗari ga dabbar, da mai shan nononta, da kuma sunan kasuwar kanta.

Funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan sun sha danshi tana fitar da wata guba da masana ke kira afalatoksin. An gano ta ne a shekarar 1960, sa'ad da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Tun daga lokacin aka tabbatar cewa tana lalata hantar kaji da agwagi, a ƙasashen da ake kiwon alade kuma tana hana shi girma. Saniya da akuya sun fi jurewa, amma wani kashi na gubar yana bi ta cikin nononsu ya isa ƙwaryar fura.

Mutum ma bai tsira ba. A shekarar 2004 mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya saboda cin masarar da ta yi funfuna. Wanda ke cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru kuwa yana cikin haɗarin kamuwa da sankarar hanta, musamman in yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Abin da ya ƙara wa al'amarin muni shi ne, dafuwa da suya ba sa kashe wannan guba, kuma sau da yawa ba ta da ɗanɗano balle wari.

Ƙasar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ƙasa ce ta jigawa, inda ruwa kan ɗauke da wuri. Gyaɗar da ta sha fari a ƙarshen damina takan raunana, funfuna ta shige ta tun tana cikin ƙasa. In aka cire ta aka tula a ƙasa ba ta gama bushewa ba, sai cutar ta ƙara bunƙasa. Daga nan sai a tsince mai kyau a kai kasuwa, wadda ta yanƙwane ko ta yi baƙi kuwa a sayar wa mata masu man gyaɗa da araha, ko a zuba wa dabbobi. To, mafi yawan gubar a cikin tunkuza take zama bayan an matse mai, kuma da tunkuzar nan ake yin ƙuli-ƙulin da yara ke ci a hanyar makaranta.

A nan ne ɓera yake shigowa. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro muddin yana raye, saboda haka dole ne ya yi ta gaigaya. Duk buhun da ya huda, da duk kwanson gyaɗar da ya fasa, ƙofa ce ya buɗe wa danshi da ƙwari da funfuna. Ga kuma fitsarinsa da kashinsa, waɗanda ta hanyarsu ne zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a ƙasar Borno a 1969, yake kama mutane. Mutane da yawa sun dogara ga maganin ɓera, alhali kuwa ɓera ba ya iya amai, don haka in ya tarar da baƙon abinci sai ya ɗanɗana kaɗan da harshensa ya dakata. In ya ji jikinsa ba daidai ba, ba zai sake kusantarsa ba. Shi ya sa zuba guba barkatai cikin sito ya fi cutar da masu gida. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rumbun da ke yoyo, da buhun da aka jingina da bango a kan daɓe, su ne ke gayyatar ɓarna. Gyaran ba shi da tsada ƙwarai: a shanya amfanin gona a kan tabarma ko tampol har ya bushe ƙayau, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a toshe ramuka, a yi amfani da buhu mai ruɓi uku wanda iska ba ta shiga. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsa kilo 10 a kowace hekta mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure.

Gaskiya ne cewa manomin da damina ta gaza masa ba zai ji daɗin a ce ya binne mudu goma na gyaɗa ba, gama kuɗinsa ne. Amma muddin ɗan kasuwa yana biyan farashi ɗaya ga mai kyau da marar kyau, wa'azi kaɗai ba zai canza kome ba. Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jihar Jigawa ta sa malaman dabbobi da malaman tsabta su riƙa gwada tunkuza da dusa a kasuwar Maigatari, a ba kayan da suka tsallake gwajin takardar shaida don su fi daraja. Hukumar JARDA ta tura malaman gona ƙauyuka tun kafin kaka, ba bayan an cika rumbu ba. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel kuma, waɗanda za su koma garuruwansu su koyar, su ne suka fi dacewa su kai wannan bayani ga iyayensu mata masu sana'ar man gyaɗa.

Jigawa tana neman kasuwar riɗi da zoɓo a ƙasashen waje, kuma masu saye a can suna gwada kaya kafin su karɓa. Ya fi kyau a fara gwajin a Maigatari, a kan abin da jama'ar gida da dabbobinsu ke ci.