Auren ɗa da rumbun uba

Mai karatu, ka san tsarin gandu na da. Ɗa yana noma gonar ubansa, uba kuma shi ke biya masa sadaki da kayan auren fari.

Yau gonaki sun tsuke. Ƙidayar 2012 ta samu mutane fiye da miliyan 3 a jihar Maraɗi kaɗai, ga rabon gado yana ta yanka filaye. Uba da yawa ba ya da halin yi wa ɗansa aure. Sai saurayi ya tafi cin rani Kano, Agadas ko Libiya. Abin da ya samo, hannu biyu ke jiran sa: rumbun tsohonsa da ya yi ƙasa kafin damina, da kuma gidan surukai. In iyayen yarinya suka tsawwala kaya, hatsin gida ne ke raguwa, domin saurayi na tsoron wani ya riga shi. Faɗuwar naira a 2023 ta ƙara tsananta lamarin: kuɗin Kano, in an canza su zuwa sefa, ba su da auki.

Kada ka yi saurin kiran yaron nan marar tausayi. Wanda ya biya aurensa da guminsa yakan ware tukunyarsa da wuri.

In kai uba ne, ku zauna kafin ya tafi, ku yanke nawa ne na hatsi, nawa ne na aure. In kuma ɗiya gare ka, ka sassauta wa mai neman ta.