Masu binciken ciwon hankali su fito daga cikinmu

'Yan'uwa, mai ciwon damuwa ba ya zuwa asibiti ya ce damuwa ce ta kawo shi. Cewa yake yi kansa na zafi, barci ya ƙi zuwa, tunani ya yi masa yawa. Wanda bai san bakinmu ba sai ya ba shi maganin ciwon kai ya sallame shi. Shi ya sa nake ganin binciken ciwon hankali a Afirka, 'ya'yan Afirka ya kamata a horar, a kuma ba su kuɗin yin sa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

An gwada an gani. A 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Ya saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa karɓar magani maimakon a kulle su.

A Zimbabuwe kuma, Dakta Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata yadda za su zauna a benci a harabar asibiti, su saurari mai damuwa, su taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Bai tsaya ga cewa abin yana aiki ba, sai da ya auna. Sakamakon ya fito a 2016: bayan wata 6, cikin waɗanda suka zauna da tsofaffin nan, kusan 14 cikin 100 ne ke da sauran alamun ciwon. Cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kuwa, kusan rabi ne.

Wani zai ce zazzaɓin cizon sauro bai bar mu ba, ina kuɗin bincike? Gaskiya ne aljihu ba nauyi. Amma uwar da damuwa ta danne ba ta iya kula da jaririnta yadda take so, manomi kuma gonarsa ce ke kwana ba shuka. Sannan kuɗin binciken Chibanda daga Kanada ya zo. Mun gode wa masu taimako, amma ranar da suka janye hannu fa? Dole gwamnatocinmu su ware nasu kason.

Mu ma da namu aikin. In ɗanku ko 'yarku ta zaɓi karatun jinyar masu taɓin hankali, kada ku ce aikin mahaukata ne, ku sa albarka. In masu bincike sun zo ƙauye, ku tambaye su amfanin aikin kafin ku yarda. Wanda aka ɗaure da mari a bayan ɗaki kuwa, ku kwance shi ku kawo shi asibiti.