Manhajar da ta ce ta san ranar girgizar ƙasa, a goge ta

Duk sanda ƙasa ta ɗan motsa, kamar yadda ta yi a Mpape ta Abuja a Satumban 2018, magana ɗaya ce ke yawo a WhatsApp: wannan somin-taɓi ne, babbar na tafe. Akwai kuma manhajojin da ke cin kasuwa da wannan tsoro, har da bayar da rana.

Wani lokaci ƙaramar tana share wa babbar fage, gaskiya ne. A Japan, ranar 9 ga Maris 2011 an yi girgiza mai maki sama da 7, bayan kwana biyu mai maki 9 ta zo da tsunami. Sai dai bayan babbar ta auku ne aka gane ta farkon share fage ce. Ranar da ta faru, ba wata na'ura da ta bambanta ta da sauran. Lissafin hukumar USGS ta Amurka ya nuna kusan girgiza ɗaya ce cikin 20 wata mafi girma ke biyo bayanta cikin 'yan kwanaki. Sauran 19 ɗin sukan lafa.

Mai cewa "ba komai, a kwanta" shi ma ya wuce iyakar saninsa. A garin L'Aquila na Italiya, ƙasa ta yi watanni tana ƙananan motsi, aka kwantar wa jama'a hankali, sai ga girgizar 6 ga Afrilun 2009 ta kashe sama da mutum 300. Har kotu ta yanke wa masana shida hukunci a 2012, kafin a wanke su a 2014.

Abin da ake iya lissafawa shi ne girgizar da ke biyo bayan babba: tana da yawa a sa'o'in farko, sannan ta riƙa raguwa. A Turkiyya, ranar 6 ga Fabrairun 2023, mai maki 7.5 ta biyo bayan mai 7.8 da kimanin awa tara. Shi ya sa ba a gaggawar komawa ginin da ya tsage, ko don ɗauko caja.

Wayar Android kuwa ba duba take yi ba. A ƙasashen da Google ya kunna tsarin gargaɗinsa, na'urar jin motsi da ke cikin wayoyi tana jin girgizar da ta riga ta fara, saƙo ya riga ta isa wurin waɗanda ke nesa kaɗan. 'Yan daƙiƙoƙi ne kacal, amma sun isa mutum ya shige ƙarƙashin tebur.