Ra'ayinmu: Motar Tsere Mai Tabon Hatsari, Araha Ba Ta Ado

Akwai wani yayi da ya faro daga Abuja da Kano a 'yan shekarun nan, wanda yanzu ya fara leƙowa ƙasar Daura har ya kai Zango, watau yayin sayen motocin tsere na ƙasashen waje. Su ne gajerun motocin nan masu ƙofa biyu, masu ƙugi kamar hadarin damina, waɗanda cikinsu ke neman shafar kwalta, irin su Ford Mustang da Chevrolet Camaro da Dodge Challenger da wasu samfurorin BMW da Mercedes-Benz. Mai kallo daga bakin hanya zai ɗauka mai motar ya zubar da dukiya mai tarin yawa kafin ya mallake ta. Sau da yawa kuwa ba haka abin yake ba. Da dama daga cikin motocin nan sun yi mummunan hatsari a ƙasar da suka fito, aka sayo su a gwanjo da araha, aka ɗinke su a garejin fanal bita, aka fesa musu fenti, suka fito fes kamar amare.

Dillalai sun gane cewa akwai kasuwa a wurin matasan ma'aikata da kuma ɗaliban manyan makarantu waɗanda iyayensu ke da hali. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce, shin arahar irin wannan mota ta kai a yi kasada da ita? Ra'ayin wannan jarida shi ne ba ta kai ba, kuma ga dalilanmu.

Ya kamata mu fara da yadda aka yi muka iso nan. A shekarar 1975, lokacin da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, a shekarar ce kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Ma'aikacin da ya sami rancen mota a wancan zamani sabuwa fil yake ɗaukowa, ba ta da wani tarihi da za a ɓoye masa. Bayan da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai aka koma wa 'yan Kwatano. Daga watan Yunin 2023 kuma, da aka sake wa naira mara, dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin naira 460 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 kuwa naira 70,000 ne. To, da 'yar Kwatano mai lafiya ita ma ta fara gagara, sai ido ya koma kan motar da ta yi hatsari. Ba mu ga laifin mai neman sauƙi ba. Amma fa duk wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mafi yawan motocin nan daga Amurka suke fitowa. A can, idan mota ta yi hatsari, kamfanin inshora yakan aiko ma'aikacinsa ya ƙiyasta kuɗin gyara. Idan kuɗin gyaran ya kai wani mizani na darajar motar, wanda a jihohi da dama kashi 75 cikin 100 ne, sai kamfanin ya biya mai ita, ya karɓe ta, a sauya mata takarda zuwa ta motar da aka yanke wa ƙauna. Daga nan sai a tura ta filin gwanjo na kamfanoni irin su Copart da IAA, inda ɗan kasuwa daga Kano ko Ikko zai taya ta intanet, bayan ya ga 'yan hotuna kawai. Wannan shi ne cinikin biri a sama. A misali, motar da darajarta ta kai dala 30,000, ba za a sallama ta a irin waɗannan jihohi ba sai an ga gyaranta zai ci dala 22,500 ko fiye. Watau mutanen da sana'arsu ke nan, waɗanda ke da kayan awo da ƙwararru, sun duba sun ce gyara ta bisa ƙa'ida asara ne.

Dillali zai ce ai ladan aiki a ƙasarmu bai kai na Amurka ba, shi ya sa gyaran ke yin sauƙi. Akwai gaskiya a wannan magana, amma rabinta ce. Ladan makaniki ne ke da araha a nan. Kayan gyara kuwa da dala ake sayo su, ko a Ikko ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Idan aka ga an gama gyaran da kuɗi kaɗan, to lalle akwai abin da aka tsallake, kuma abin da ake tsallakewa shi ne wanda ido ba ya gani.

Na farko shi ne ƙashin motar. Motocin zamani an ƙera gabansu da bayansu ne yadda za su lanƙwashe su shanye ƙarfin karo, domin ɗakin da mutane ke zaune ya tsira. Wannan aiki sau ɗaya ƙarfe ke yin sa. Idan aka ɗaure motar a jikin bishiya aka ja da sarƙa, aka gasa ƙarfen da wutar walda har ya miƙe, zai koma kamanninsa na da, amma ƙarfinsa ya tafi. Masu ƙera motoci da kansu sun hana a gasa irin wannan ƙarfe mai tauri, sun ce a yanke shi a sa sabo. Wasu motocin tseren ma da alminiyam aka yi wasu sassansu, wanda gyaransa ke bukatar kayan aiki na musamman. Motar da ƙashinta ya karkace takan ci taya ta gefe ɗaya, ta riƙa fizgar sitiyari, ranar da aka taka burki da ƙarfi kuma ta juya inda direba bai nufa ba.

Na biyu shi ne jakar iskar nan da ke fashewa ta tare direba da fasinja a lokacin karo, tare da na'urar da ke ɗame bel ɗin kujera. Su ma sau ɗaya suke aiki, kuma sababbinsu na da tsada ƙwarai. Sanannen abu ne cewa wasu marasa tsoron Allah sukan liƙe murfin sitiyari ba kome a ciki, sa'an nan su yi dabarar da za ta kashe fitilar gargaɗi a gaban direba. Mai mota zai yi shekara yana tafiya da zaton yana da kariya, ba zai san gaskiya ba sai a cikin daƙiƙar da ba ta da gyara.

Na uku shi ne ruwa. Guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a kudancin Amurka, kuma irin waɗannan motoci su ma gwanjo suke shiga. Motar da ta sha ruwa ba ta da ko ƙwarzane a jiki, amma tsatsa na cin wayoyinta da kwamfutarta sannu a hankali. Yau ta ƙi tashi, gobe giya ta ƙi shiga, jibi fitilu su ɗauke a tsakiyar hanyar Kazaure da dare.

Duk waɗannan aibobi ana iya samunsu a kowace irin mota. Abin da ya sa na motar tsere ya fi muni shi ne gudu. Peugeot 504 ta Kaduna ƙarfin injinta kimanin na doki 100 ne ko ƙasa da haka, alhali Mustang mai silinda takwas ta haura doki 400. Ɗalibanmu na kimiyya sun san cewa idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karo sau huɗu yake ninkuwa. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Wanda ya sayi motar tsere kuwa ba don ya yi tafiyar kilomita 80 ya saye ta ba. Saboda haka an haɗa abubuwa biyu da bai kamata su haɗu ba, watau inji mai ingiza direba ya yi gudu, da gangar jikin da ba za ta iya kare shi ba idan gudun ya ƙare a jikin wani abu.

Sa'an nan a dubi hanyoyinmu. Hanyar da ta tashi daga Daura ta bi ta Zango zuwa Baure hanya ce ta manoma da 'yan kasuwa. Akwai amalanken shanu, akwai babura masu goyon mutum uku, akwai awaki, akwai yara 'yan makaranta a gefen titi. Ranar Lahadi kuwa, da kasuwar Mai'aduwa ke ci, manyan motocin dabbobi ne ke cika hanyoyin masarautar. Wasan mota da samari ke yi a wajen biki a irin wannan wuri ganganci ne ko da motar lafiyayya ce, balle wadda aka ɗinke. Idan kuma tsautsayi ya auku, mai karaya mai tsanani sai an ɗauke shi zuwa Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, tafiyar da ba kowane majinyaci ke kai ƙarshenta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ke kan gaba. Ba mu da bukatar ƙara wa wannan lissafi.

Ko da an ajiye maganar rai, lissafin kuɗi ma bai goyi bayan wannan ciniki ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, ga shi kuwa babban inji ba ya ƙoshi. Tsakanin cikin motar tsere da ƙasa bai fi santimita 10 zuwa 15 ba, saboda haka kowane tudun rage gudu da kowane yashi a hanyar ƙauye barazana ne gare ta. Siraran tayoyinta ba sa jure rami, kuma da wuya a same su a kusa. Inshorar dole da yawancin masu motoci ke yanka, wadda aka mayar naira 15,000 daga Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan taka motar. Ranar da mai ita ya gaji ya kai ta kasuwa, dillalin da ya yabe ta jiya shi ne zai fara ƙirga masa aibobinta. Daɗin daɗawa, mu mutanen bakin iyaka muna da wata matsalar ta daban. A watan Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motocin da aka sato hanya da su bayan wannan doka ba su da takardar kwastan ta gaskiya. Wanda ya sayi irinsu yana iya rasa motar ɗungurungum a shingen bincike.

Ba muna cewa duk motar da ta taɓa hatsari abar gudu ba ce. Akwai wadda ƙanƙara ce ta lotsa mata rufi, akwai wadda bamba ce kawai ta fashe, kuma magidanta da yawa suna hawan irin waɗannan lafiya lau. Haka nan sana'ar gyaran mota na ciyar da gidaje masu yawa a Daura da Katsina da Kano, kuma a cikin masu yin ta akwai mutanen kirki masu faɗin gaskiya. Abin da muke ƙi shi ne ɓoye aibi. Addini da dokar ƙasa duk sun haramta algus a ciniki, sun kuma ba mai saye damar mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu.

Saboda haka muna ba duk mai niyyar sayen motar waje shawara ya fara da lambar shasi. Lamba ce mai haruffa da alƙaluma 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Idan aka bincika ta a intanet, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo sukan fito, a ga irin raunin da ta ji. Ya tafi da makanikinsa na kansa, a hau da motar kan rami a duba ƙasanta. Ya lura ko fitilar jakar iska tana kamawa idan aka murɗa makulli, ta kuma mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya nemi laka ko tsatsa. Ya tabbatar da takardar kwastan a ofishinsu kafin ya biya, a kuma rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Dillalin da ya ƙi yarda da ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya ba da amsa.

Ga hukuma kuma muna da kira. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kimanin kashi 40 cikin 100 daga cikinsu zuwa Afirka. A shekarar ce kuma majalisar dokokin Ghana ta zartar da dokar hana shigo da motocin da suka yi hatsari, ko da yake an jinkirta aiki da ita saboda koken 'yan kasuwa. Mu ba mu nemi a rufe kasuwa ba. Muna roƙon Gwamnatin Jihar Katsina ta wajabta wa masu sayar da motoci bayyana tarihin kowace mota a rubuce, ta kuma samar wa jami'an duba lafiyar motoci na shiyyar Daura kayan awo na zamani, domin kada a ba motar da aka ɗinke lamba sai an gwada ta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa tun 1988, ta haɗa kai da hakimai da dagatai a Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa da Daura a tsayar da wasan mota a wajen bukukuwa. Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, waɗanda duk a Daura suke, su buɗe wa makanikai da masu fanal bita gajerun kwasa-kwasai a kan gyaran motocin zamani.

Daga ƙarshe muna tunatar da matashin ma'aikaci da ke shirin cin bashin ƙungiyar adashi ta ofis, da kuma uban da ɗansa ya dame shi da roƙo, cewa amfanin mota shi ne ta kai mutum inda za shi ta kuma dawo da shi gida. Ƙaramar mota mai lafiya, wadda aka san asalinta kuma makanikin Zango zai iya gyara ta, ta fi motar tsere mai kyan ɗan maciji. Kunne ya ji, jiki ya tsira.