Dafin Masana'antu a Laka Yake Kwana

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya tsaya bakin rafin Salanta ko na Getsi a watan Afrilu, zai ga baƙin ruwa mai wari yana tafiya da ƙyar. To, amma abin da ido bai gani ba ya fi wannan haɗari, wato lakar da ke kwance a ƙarƙashinsa.

Birnin Kano yana zubar da ruwansa ta fuska biyu. Dagwalon masana'antun Sharaɗa da Chalawa yana bin Salanta da sauran magudanu zuwa kogin Chalawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano a wajen Tamburawa, su nufi Haɗeja. Na Bompai kuwa yana bin Getsi ya faɗa Jakara, daga nan sai dam ɗin Wasai da ke Minjibir. Kamfanonin jimar fata suna amfani da sinadarin kuromiyom, ga kuma dalma da kadmiyom daga rini da fenti da batura. Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa. Maƙalewa suke yi a jikin ƙwayoyin yumɓu da ruɓaɓɓen datti, su nitse, su yi ta taruwa wajen wata bakwai na rani.

Sai damina ta faɗi. Ɗabi'ar koramun ƙasashe masu ƙarancin ruwa ce su kwashe kusan dukkan lakar shekara a cikin 'yan kwanakin ambaliya, domin ƙasa ta bushe, babu ciyawar da za ta riƙe ta, ruwan kuma kamar da bakin ƙwarya yake sauka. Mutanen Agadas sun shaida haka a watan Satumba na 2009, lokacin da koramar Telwa ta afka wa garin. Rafukan Kano ma haka suke yi a ruwan farko da kuma marka ta Agusta. Rairayi mai nauyi yakan zauna kusa. Laka mai laushi, wadda ta fi ɗaukar dafi, ita ke yin nisa, ta kwanta inda gudu ya ragu: fadamu da bayan madatsu. A irin waɗannan wurare, kamar Kwakwaci a bakin Jakara, ake noman latas da alayyafo da kabeji. Ganye yana zuƙar kadmiyom, wanda ke lalata ƙoda. Dalma kuwa tana dakushe ƙwaƙwalwar yara.

Wannan ba hasashe ba ne. A Japan, kadmiyom daga mahaƙar Kamioka ya bi kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafa, ya haddasa ciwon ƙashi da ƙoda da ake kira itai-itai, wanda gwamnati ta amince da sanadinsa a 1968. Sai da aka shafe shekaru gommai ana sauya ƙasar gonakin.

Nijeriya ta kafa hukumar FEPA a 1988, ta fitar da dokar iyakance dagwalon masana'antu a 1991, sannan NESREA ta gaje ta a 2007. Sai dai awon ruwan bakin bututu kaɗai ba ya nuna abin da ya riga ya kwanta. Kwalbar ruwan da aka ɗiba ana tsaka da ambaliya ma tana iya yaudara, tunda ruwan sama ya sirka ta.

Saboda haka wajibi ne a riƙa auna laka da ƙasar fadama kafin damina da bayanta, a kuma bayyana sakamakon ga manoma da Hausa. A yashe magudanun masana'antu tun kafin ruwan farko, a kai lakar inda ba za ta koma rafi ba. Jibge ta a gaɓa aikin banza ne. Uwa-uba, kowane kamfani ya tace dagwalonsa a harabarsa. Abin da ambaliya ta shimfiɗa a gona, ba a kwashe shi da shebur.