Darasi Daga Bethesda: A Tsince Kafin A Niƙa

Duk macen da ta taɓa zama da faifai tana tsintar wake a Ɗanbatta ta san in aka kai niƙa da tsakuwa, ƙosai ya tashi daga aiki. Irin wannan matsalar ce ta daɗe tana ci wa masu binciken sankara tuwo a ƙwarya. Tsokar da likita ke yankowa daga ƙari a cakuɗe take, ƙwayoyin halittar da suka kamu na kwance cikin lafiyayyu. In aka markaɗa su tare aka auna, sakamakon ma a cakuɗe yake fitowa.

A 1996, a cibiyar binciken sankara da ke Bethesda a Amurka, Michael Emmert-Buck da Lance Liotta da abokan aikinsu suka fito da dabara. Ana feƙe tsokar har ta fi silin gashi siranta, a shimfiɗa ta a gilashi, a ɗora wata 'yar leda a kai. Mai aiki ya leƙa madubin likita, ya saita ƙwayoyin da yake so, ya harba hasken leza. Nan take ledar ta narke ta manne musu. Da an ɗaga ta sai su biyo ta kamar ƙarangiya a bakin wando.

Danna maɓallin ba shi ne wahalar koyo ba. Ɗalibi sai ya horar da idonsa ya rarrabe mai cuta da lafiyayye, ya busar da tsokar ƙayau domin danshi na hana mannewa, ya kuma yi hanzari, don sinadarin RNA da ake son aunawa a cikin ƙwayoyin ba ya jiran kowa. Tsokar da ta lalace tun farko, leza ba ta iya gyara ta.

Nan ne darasin ya iso gida. Ƙarin da aka cire wa mara lafiya a karkarar Kano, birni ake kai shi gwaji, wurare irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kafin ya hau mota, a tsoma shi cikin ruwan fomalin mai kashi 10 cikin ɗari, cikin awa guda da cire shi, ruwan ya ninka tsokar sau goma, a rubuta suna da kwanan wata a jikin kwalbar. Dangi kuma kada su yi saurin binne ƙarin, don sunan cutar na cikin tsokar nan, kuma da shi likita zai zaɓi magani.